Ƙwayar Farko ta Kufan Rafin Gwal

Wallahi abin da na fara gani shi ne hannunta a jiƙe, alhali rafin ya fi wata huɗu da ƙafewa. Tsohuwa ce durƙushe da ƙwarya tana wankin yashi da tsakar rana, a wani kufai tsakanin Lakwaya da Gude.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ne, an rufe gidan kallon da nake aiki a Gwarzo, ni kuwa na riga na rubuta wa Binta, wadda nake so kamar raina, cewa 'yan kunnen aurenmu da hannuna zan haƙo gwal ɗinsu. Ku ji shirme!

Na gaishe ta, na ce, "Inna, ina mutanen garin nan?"

Ta ce lokacin tsuke bakin aljihu aka kafa shi, ma'aikatan da aka sallama suka cika wurin, har da mahauta da masu shayi. Dokarsu ɗaya: ƙwayar gwal ta farko da mutum ya wanko, rafi ake mayar wa. Da baƙi suka zo suka daina mayarwa, cikin damina guda gwal ya ɗauke, kowa ya kama gabansa.

Ta miƙo mini ƙwaryar. Juyi uku, sai ga ƙwaya kamar ta dawa tana walƙiya.

"Mayar, ɗan nan."

"Haba Inna! Wannan ai ta Binta ce."

"Bintar ce ta ajiye maka ita a nan?"

Na ƙulle abata a hankici na juya. Da na waiga babu tsohuwa, babu ƙwarya, sai sawuna ni kaɗai.

Takaicin bai zo ba sai da yamma a zauren gidan su Binta, gaban ƙawayenta uku, bayan na gama zuba kalaman da na haddace. Na kwance hankici, sai jiƙaƙƙen yashi yana ɗiga. Suka tuntsire da dariya. Binta ta watsa shi jikin bango ta ce, "Malam, ka je ka auri rafin."

Don Allah in kun tarar da dokar wuri, ku bi ta.

Binta ta auri wani malamin makaranta a Kabo, 'ya'yanta shida. Bara muka haɗu a wajen biki, ta ja ni gefe, babu dariya a fuskarta, ta ce sau uku ana yaɓe bangon zauren gidansu, har yau wurin bai bushe ba.