Guzurin Ruwan Inna

Tun haihuwar autanmu Inna ta kamu da ciwon ƙishirwa. Ta sha ruwa ta zaga, ta dawo ta kuma sha, randa guda ba ta kai mata la'asar. Azumi ya gagare ta shekara da shekaru, abin kuma yana cin ta, don Inna ba ta son a fi ta, ko da a ibada ne.

Farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin yayana ya kai ta babban asibiti, suka dawo gida Anka da wani magani da ake busawa a hanci ta siririyar roba, mai riƙe ruwa a jiki. Inna ta samu barci, har biki ta je Gummi ba ta tsayar da mota ba.

Da azumi ya kama, sai ta yanke shawara ita kaɗai. Kullum da sahur ta ninka maganin, ta ɗirki ruwa kwanya bayan kwanya, wai guzuri. Wata rana da hantsi na tarar tana amai, ta dafe kai, tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu. Na tsorata ƙwarai. Maƙwabta suka ce wahalar azumi ce, a ba ta ruwa. Ta ture kwanyar, wai ba ta karyawa. Taurin kan nan nata ya yi rana.

Da muka kai ta asibiti, likita ya ce ruwa ne ya taru har ya surka gishirin jininta. Ya dakatar da maganin, aka ɗaura mata ruwa mai gishiri yana ɗiga a hankali, ya ce kada ta sha sai abin da ya auna. Ni aka ɗora wa gadi.

Da hankalinta ya dawo ta ce, "Ke ɗiyag ga, ba ni ruwa."

"Inna, likita ya hana."

"Likita yah haihe ki?"

Na jiƙa tsumma na shafa mata a leɓe ina hawaye, tana hararata.

Ranar sallama likita ya mayar da ita kan ma'aunin maganin na farko, ya ce azumi kam sai dai ta ciyar. Sai a mota ta matso ta rage murya.

"Wanda niy yi, kina ganin an karɓa?"

Na ce an karɓa, ko da yake ba hurumina ba ne. Shi ne azuminta na ƙarshe.