Ni Na Fara Cewa Dakta Mu'azu Ya Kama Harshen Babana

Ina cikin buɗe shago da safen nan saƙo ya shigo wayata: Dakta Mu'azu ya rasu. Na zauna a kan benci da kwaɗo a hannuna, na ma manta ban ajiye shi ba. Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma.

Sai da na kira mutum biyu a Sandamu kafin na yarda. Wanda ya san ni ba zai yi mamaki ba. Ni ne Habu mai gyaran rediyo, ko ruwa aka miƙo min sai na leƙa cikin kofin.

Ban yi niyyar rubuta komai ba. Amma a ƙarƙashin sanarwar rasuwar na ga wani ya yi kwamen: "Allah Ya jiƙansa, amma ba shi ne mai kama harshen mutane ba?" Har da masu danna masa laik.

Wannan maganar daga bakina ta fito. Ni na fara ta.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Dakta ɗan Sandamu ne, malamin jami'a. Rayuwarsa kaf ya ƙarar da ita a kan binciken yadda baki ke fitar da sauti da yadda kunne ke rarrabe shi. Ya zo Daura lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, da rikoda da jakar kasa-kasai, wai yana so ya naɗi Daurancin tsofaffi kafin rediyo ya mayar da mu Kanawa gaba ɗaya. Rikodarsa ce ta cinye kaset, aka nuna masa shagona.

Tun ranar ban natsu da shi ba. Kana magana, shi bakinka yake kallo, ba idonka ba.

Na tambaye shi wa zai kai wa muryoyin. Ya yi dariya ya ce, "Malam Habu, da gwamnati ta damu da yadda tsofaffin Daura ke cewa ƙwarya, ai da na huta." Ni ban yi dariya ba.

Mahaifina, Baba Ilu, dillalin shanu ne, harshensa ne jarinsa. In ya shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa a kara, kowa zai tafi yana ganin shi ya yi wayo. Jininsu ya haɗu da Dakta nan take. Dakta zai sa masa abin ji a kunne, ya kunna sauti biyu, ya ce, "Baba, iri ɗaya ne ko daban?" Baba ya ɗauki abin wasa, har ɗokin zuwansa yake yi.

Wata rana da hantsi na shigo zaure, na tarar Baba ya zaro harshe, Dakta na shafa masa wani baƙin abu da ɗan burushi. Ya sa shi ya faɗi kalma ɗaya, ya zura madubi cikin bakinsa, ya ɗauki hoto. Da ya ga fuskata sai ya ce garin gawayi ne da man gyaɗa, yana son ganin inda harshe ke taɓawa a rufin baki. Har ya lasa a gabana.

A raina na ce, boka ma ai yana lasar nasa.

Ku tuna lokacin. Duk masallacin da ka shiga wa'azi ake a kan bokaye da 'yan tsibbu, kowa ya sa wa maƙwabcinsa ido. Ni kuwa dama idona a buɗe yake.

Ba a yi wata guda ba Baba ya yanke jiki ya faɗi a kara. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke ɗif. Likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe yana cinsa. Na ji da kunnena, amma baƙin harshen nan kawai nake gani.

Dakta ne ya kai shi asibiti Katsina a motarsa. Na ce yana rufe sawu ne.

Da aka dawo da shi, kullum bayan la'asar Dakta zai zo ya zauna gabansa yana koya masa motsa leɓe. Na ce yana duba ko aikinsa ya ci ne.

Ya kawo zuma, na juye ta a kwata.

Daga ƙarshe na kai ƙara wurin mai unguwa, aka tara malamai. Dakta ya zo da gawayinsa da mansa da wani littafi mai hotunan bakunan Turawa da aka yi wa irin wannan shafin. Malamai suka duba suka ce ba su ga sihiri ba, liman ma ya ja min kunne a kan mummunan zato. Amma magana ta riga ta zaga gari. Tsofaffi suka daina zuwa wurinsa. 'Ya'yan wasu suka zo suka ce a ba su kaset ɗin iyayensu su ƙona, ya ba su bai yi musu ba. Aikin da ya kawo shi bai ƙarasa ba, ya haɗa kayansa.

Ranar da zai tafi ya tsaya a bakin shagona ya ce, "Malam Habu, a riƙa yi wa Baba hira ko ba ya amsawa. Kunnensa lafiya lau, yana gane komai." Ban ɗago kai ba.

Shekara huɗu Baba ya yi a haka, ya rasu bai ƙara cewa uffan ba.

Bayan nan nakan ji Dakta a rediyo. An ce har kalmomin Hausa da ake gwada jin yara da su a asibiti akwai hannunsa a ciki. In na ji muryarsa sai in canza tasha. Sai da hawan jini ya kama ni ni ma, likita ya lissafo min alamunsa, ciwon ƙeya da jiri, na tuna Baba ya yi shekaru yana kukan waɗannan tun kafin Dakta ya san hanyar gidanmu. A ranar na gane. Kunya ta hana ni nemansa.

Bara, daf da azumi, ina gyaran wata waya na ji sallama. Shi ne, ya tsufa, yana dogara sanda. Wallahi abin da ya fara zuwa raina shi ne ramuwa ya zo yi.

Ya miƙo min ambulan da mimori a ciki. Ya ce, "Na yi ritaya, ina bi gida-gida ina mayar wa mutane muryoyin iyayensu. Na Baba ba a zo an karɓa ba a wancan lokacin, sai na adana."

Na ce, "Dakta, me kake so a kai?"

Ya ce, "Ruwa, in akwai mai sanyi."

Ya sha, na ce na gode, ya tafi. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Kwana uku ina jujjuya mimorin kafin na sa. Sai ga Baba yana maimaita kalmomi ɗaya bayan ɗaya, da muryar nan tasa ta kara. Can sai ya katse ya ce, "Kai Habu, daina leƙe ta bayan ƙofa kamar ɓarawon akuya, shigo ka gaida baƙo." Su biyun suka kwashe da dariya. Na yi kuka a shago da rana tsaka, ban damu da wa ke kallo ba. Ranar 'ya'yana suka fara jin muryar kakansu.

Na ce bayan Sallah zan je Sandamu in roƙe shi gafara. Sallah ta wuce, wata ma ta zo ta wuce.

To, kai mai kwamen, da duk wanda ya gaji wannan magana daga wurin manya: Dakta Mu'azu bai kama harshen kowa ba. Ƙazafi na yi masa. Muryar mahaifina a wurinsa kaɗai ta rage a duniya, kuma har shago ya kawo min ita. Ku da kuka ƙona na iyayenku saboda maganata, ba ni da abin da zan mayar muku, ku yafe min. Yau zan je ta'aziyya, kuma a gaban iyalansa zan maimaita wannan.

Allah Ya gafarta wa Dakta, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa haƙurin da ya yi da ni ya zame masa mizani mai nauyi, Ya ba iyalansa dangana.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. In kun gama, ku sa da ni, domin wanda zan ce wa ya yafe min ya riga ya tafi.