Ranar da Subiyar Mu'allim Bakur Ta Juya

Duk abin da zan manta a sana'ar nan, ban da ranar da subiya ta juya mana a shagon Mu'allim Bakur da ke unguwar Hindawiyya a Jidda. Ƙarshen Sha'aban ne na shekarar 1398 ta Hijira, lokacin da zafin Jidda ke dafa mutum a tsaye. Ku da kuka shigo sana'ar a zamanin firiji ba ku san fargabar da muka sha ba, don haka bari in fara da yadda aikin yake.

Subiya dai ruwan sha'ir ce. Ana jiƙa niƙaƙƙen sha'ir da busasshen burodi a cikin zir, wato randa, a zuba kayan ƙamshi, hel da kirfa, a rufe. Idan ta yi ɗan tsami mai daɗi sai a tace da ƙyalle, a sa sukari da ƙanƙara. Wuyar aikin duk a sanin lokacin tata take. Ka tace da wuri, ruwan burodi ka sayar wa mutane. Ka makara, ta zama abin da Musulmi ba ya kaiwa bakinsa. Muƙami uku ne a shago: mu'allim, mai shago kuma mai ɗanɗano, sana'i, mai jiƙo da tata, sai sabi, mai wanke-wanke. Ni sana'i ne, daga Sudan na zo da iyalina, kuma mu'allim ɗin shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini a ƙasar. Dokar shago ɗaya ce: ba mai ɗanɗana abin da ke zir sai shi, in ya ce a sayar kuwa magana ta ƙare.

Mu'allim Bakur haifaffen Jidda ne, kakansa ya zo hajji a ƙafa daga ƙasar Hausa bai koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce, ga faɗa kamar zai ci mutum ɗanye, amma kafin la'asar ya manta. Har daga unguwar Bagdadiyya ake zuwa da jarkoki saboda sunan da harshensa ya yi. Yana da wata al'ada: kowace safiya sai ya ɗebi ƙaramin kofi daga zir ya kai wa matarsa, Hala Zainabu, a cikin gida, wai don albarka. In ya fito sai ya ɗanɗana a gabanmu, ya lumshe ido, ya yanke hukunci. Mukan yi masa tsiya a bayan idonsa, muna cewa tsoho ya fi ango zumuɗi.

Hala Zainabu ta rasu a watan Rajab. Shago ya daɗe a rufe, wannan jiƙon shi ne na farko bayan an buɗe. An yi shi ne don Sha'abana, walimar da mutanen Hijaz ke yi da iyalansu kafin azumi ya kama. Ana gobe za a sayar na ce masa kamar subiyar ta kai, ya ce in bar ta ta ƙara kwana.

Da safe ina ɗaga murfin zir na ji tana tsuwa, kumfa ya taso har wuya, wani wari mai kaifi ya bugi hancina. Mu'allim ya zo ya ɗiba, ya kurɓa, ya lumshe ido yadda ya saba.

"Tamam," in ji shi. "Yalla, ya Haruna, tace. Mutane na jira."

Na tace zir ɗin farko. Da na kasa daurewa sai na taka doka: na ɗebi kofi na shige sito, na kai bakina. Da farko zaƙi ne da ƙamshin kirfa, har na ce ko tsorona ne kawai. Kafin in haɗiye sai wani ɗaci ya kama bayan harshena kamar na tauna ganyen darbejiya, ya ƙi saki. Ta yi mini yaji a hanci, ta gangara ƙirji da zafi, kunnuwana suka ɗau ɗumi. Na tofar da sauran ina istigfari. Wannan kam ta tashi daga subiya.

Na tsaya a siton na rasa abin da ke mini daɗi. In na yi magana, na ƙaryata harshen mutumin da harshen ne duk sunansa, ga shi bai gama share hawayen matarsa ba. In na yi shiru, yara da tsofaffi ne za su sha, kuma in labari ya kai ga hukuma, shago da sunan duka sun tafi. Sai na leƙa na yafito shi.

"Ya ammi, ka yafe mini. Na ɗanɗana."

"Kai? Wa ya ba ka izini?"

"Ba kowa. Amma wallahi ta juya."

Na zata zai rufe ni da faɗa. Sai ya karɓi kofin ya kurɓa, ya riƙe a baki ya daɗe, ya tofar, sannan ya zauna a kan buhun sha'ir.

"Ruwa nake ji, ya waladi. Moya, bas. Tun kafin ka zo na yi wani zazzaɓi, ya tafi da harshena da hancina. Zainabu ce ke ɗanɗana mini. In ta ce yau, yau ne. In ta ce gobe, gobe ne." Ya juya kofin a hannunsa. "Ɗazu ma na ɗiba, har na kai ƙofar ɗakinta, sai na tuna."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Tausayinsa ya kama ni, kunyar tsiyar da muke yi masa ta rufe ni.

Shi da kansa ya fita wurin masu jira. "Ya jama'a, ku yi haƙuri, yau babu subiya. Ta wuce, zubar da ita za mu yi." Aka yi ta gunaguni, sai wani tsohon direba, Amm Salih, ya ɗaga jarkarsa ya ce, "Masha Allah, harshen mu'allim ke nan! Da wani ne sai ya ƙara sukari ya sayar mana." Mu'allim ya sunkuyar da kai. Muka tuttule zir-zir ɗin a kwata, muka wanke su da ruwan zafi.

Bayan azahar ya kira ni ya ce halas, zai rufe shagon, mu'allim babu harshe ai makaho ne da madubi. Na ce, "Ya ammi, hannunka ne ya san sha'ir mai kyau, kai ka koya mini awon hel. Harshe kawai ka rasa, ga nawa, ka ara." Ya harare ni ya ce bakina ya yi tsawo. Washegari da safe sai ga shi a sito, ya miƙo mini kofi yana kallon bango. Haka muka ci gaba har ƙarshen ransa: ni in ɗanɗana a ciki, shi ya faɗa a waje. Ko matata ba ta ji daga bakina ba sai bayan ya rasu.

Abin da na koya, sana'ar abin da ke shiga cikin mutane amana ce, gara ka zubar da jiƙo da ka zubar da mutunci. Na kuma koyi cewa in ka ga mutum ya yi suna a sana'a, ka duba da kyau, akwai wanda ke tallafe da shi wanda ba a san da zamansa ba. Ranar jana'izarsa Hindawiyya ta cika, kowa na cewa ba za a sake harshe irin na Mu'allim Bakur ba. Ban musa wa kowa ba. Amma da na ɗaga hannu zan yi addu'a, sunan Hala Zainabu na fara kira.