Dubu Goma da Guda Ɗaya

Ina aji huɗu a elementare ta Dutsin-Ma aka kawo mana wani malamin lissafi, tsohon soja ne, dogo, ba ya dariya. Wata safiya ya ɗauki alli ya rubuta 10001 a allo.

Ya ce, "Dubu goma da guda ɗaya. Cika ce ko mara?"

Muka ce mara ce.

"To, biyu ba ta raba ta. Biyar ma haka, tunda ba ta ƙare da biyar ko sifili ba. Ko ta gaba ka karanta ta ko ta baya, duk karatu ɗaya ne, amma wannan ado ne kawai. Akwai lambar da ke raba ta ba saura. Kowa ya kawo tashi lambar a raba da ita. Abin da ya yi saura, shi ne yawan bulalarka."

Ni na ce bakwai, biyar ta yi saura, na sha biyar a tafin hannu. Na kusa da ni ya ce sha ɗaya, ya sha biyu yana murna. Sai aka zo kan wani abokina ɗan Birchi ta ƙasar Kurfi, mai in'ina, wanda ke zaune gidan kawunshi. Ya zaci babbar lamba za ta cece shi, ya ce sittin da ɗaya. Malam ya sa shi ya raba da hannunshi a allo. Hamsin da takwas ta yi saura.

Manyan ajin suka riƙe shi, aka ɗauko tsumagiyar tsamiya. Tun yana kiran innarshi har ya yi shiru. Rigarshi ta manne da jini, fitsari ya bi ƙafarshi. Malam bai tsaya ba sai da ya cika.

Ran kasuwa uban yaron ya iso, manomi ne kakkaura. Ko sallama bai yi ba ya shigo aji da ƙotar fartanya.

Ya ce, "Malam, kai ne ka yi wa ɗana haka?"

"Ni ne. Karatu nake koya mishi."

Uban ya sauke mishi ƙotar a baki. Haƙora biyu suka faɗo kan tebur. Suka kama kokawa, benci ya karye, mu kuwa muka yi ta dira ta taga. Sai da hedimasta ya kira 'yan doka aka raba su.

Da Malam ya dawo aiki, leɓenshi a kumbure, sai ya ɗauki alli. Ya rubuta saba'in da uku sau ɗari da talatin da bakwai, ya sa muka buga. Ta fito dubu goma da guda ɗaya daidai. Ya ce waɗannan biyun kuma ba mai raba su sai ɗaya da kansu.

Alƙali ya ɗaure uban, abokina bai sake zuwa makaranta ba. Kafin damina aka yi wa Malam canjin gari. Bayan na fara aiki na gamu da abokin nan a kasuwar Kurfi yana dillancin awaki. Ya riƙe hannuna ya daɗe, ya tambaye ni 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ja ni rumfar mai fura.