Amalanken da Na Zaɓa wa Baba

Ina shekara ta uku a Guangzhou, ina karatun injiniyan motoci, Alhaji ya zo sayayya. A lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ko shayi zan sha a shagunan Tianxiu sai na jefa Sinanci a magana, don 'yan kasuwa su san akwai mu a gari.

Alhajin nan shi ne maigidan mahaifina. Baba ya tuƙa shi tun kafin a haife ni, kuma Alhajin ne ya ɗauki nauyin karatuna. Wannan zuwan ba don yadi ko wayoyi ya yi shi ba, mota mai ɗaki ya sayo, irin wadda ke da gado da murhu da banɗaki a ciki. Ya ce ya gaji da kwana a gidajen mutane duk lokacin da ya tafi zagayen kasuwanni daga Kano har Maraɗi. Abin da ya rage shi ne yadda za ta riƙa jan ƙaramar motarsa a baya, don in an yada zango a samu ta shiga lunguna.

Muna zaune a masaukinsa a Huanshi Lu ya ce, "Injiniya, ka san idon babanka ya yi rauni. Doguwar hanya ta fi ƙarfinsa yanzu. Babbar motar zan ɗaukar mata matashin direba. Shi kuma ƙaramar ce tasa, don in na ce ya zauna a gida, baƙin ciki zai kashe shi kafin ciwon."

Na ce, "Haka ne, Alhaji." Wallahi na ji maganar da kunnena. Amma hankalina yana kan kalmar injiniya da ya kira ni da ita.

A gida mun san hanya ɗaya ce: a ɗaura igiya, mutum ya zauna a motar baya yana riƙe da sitiyari yana addu'a. Na yi wa wannan dariya a gaban Alhaji, na ce ai duniya ta wuce nan. Na bi shagunan Tianhe da wuraren masu ƙira a bayan gari, inda aka ce min meiyou, wato babu, na ƙara gaba. Na dawo da bayanin hanyoyi uku. Akwai tirela da ake ɗora motar gaba ɗaya, amma ta yi wa motar Alhaji nauyi. Akwai ɗan amalanke mai taya biyu da ake ɗora tayoyin gaba a kai, a ɗaure su da bel. Sai kuma sandar ƙarfe da ake maƙalawa a hancin motar, ta bi a kan tayoyinta huɗu.

Amalanken na yi masa kaca-kaca. Na ce sai an hau da motar a hankali wani yana duba tayoyi, sai an ja bel har hannu ya yi ja, kuma in an ɗan yi tafiya sai an tsaya an sake ja domin yana saki. Ga shi ba a iya ja da baya da shi. Na ce wannan wahala ce kawai aka sa wa taya.

Na ja Alhaji zuwa filin wani maƙeri don ya ga sandar da idonsa. Laoban, wato mai wurin, ya maƙala wata tsohuwar mota a bayan babbar motarsa, bai ko yi gumi ba. Aka ja. Da aka zo kwana, sitiyarin motar baya ya juya da kansa, kujerar direba babu kowa. Daɗi ya kama ni har na tafa.

Na ce, "Ka gani ko, Alhaji? Ba ta buƙatar kowa. Ko yaro ƙarami zai haɗa ta. An huta da direba a baya gaba ɗaya."

Alhaji bai kalle ni ba. Ya bi motar da ido har ta zagayo, sannan ya ce, "To, madalla da karatu. Kai za ka kira shi ka gaya masa an huta da shi, ko ni?"

Na tsaya da hannuwana a haɗe, ban gama tafin ba. Laoban yana ta murmushi yana jiran in fassara masa yabon da yake zaton an yi. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, na ce ai Baba zai iya zama a ciki duk da haka. Laoban ya girgiza kai da na tambaye shi, ya ce ba a zama a motar da ake ja, haɗari ne. Alhaji ma ya ce, "Kuma ka san halinsa. Ka zaunar da shi a gaban sitiyarin da ke juya kansa? Ai gara ka zage shi."

Sai na koma kan amalanken da na gama ci wa mutunci. Duk aibin da na lissafa na sake lissafa shi, amma yanzu a matsayin abin yabo. Yana son mai haƙuri. Yana son wanda ya san motar kamar 'yarsa. Yana son hannu fiye da ido, domin da yatsa ake jin bel in ya saki. Laoban ya kasa gane me ya same ni. Ya yi ta nuna min sandar yana cewa ta fi sauƙi, ni kuma ina ce masa sauƙin ne ba ma so. Na tabbata har yau yana ba da labarin baƙon da ya yi karatu don ya zaɓi wahala.

Aka loda kaya a jirgin ruwa, Alhaji ya koma. Bayan wasu watanni ina fitowa daga aji Baba ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya fara.

"Kai, wane shashasha ne ya zaɓo wa Alhaji wannan amalanke?"

Na ce, "Me ya faru, Baba?"

"Abu sai ka ce jaki mai taurin kai. Kowane gari sai na sauko na ja bel. Sabon direban nan ya gwada, saura kaɗan ya jefa motar a rami. Na ce kada ya ƙara taɓawa. Alhaji da kansa ya ce ba ya tafiya ko'ina in ba ni a motar."

Yana faɗa, amma muryar nan na san ta. Ita ce wadda yake dawowa da ita gida muna yara, in ya kai Alhaji wata uwa duniya ya dawo lafiya. Na jingina da bango, idona ya cika.

Ya ce, "Kana jina? Na ce wa ya zaɓo shi?"

Na ce, "Wani ɗalibi ne a nan, Baba."

Ya ce, "To, ka ce masa ya ƙara dagewa da karatu."