Lambar Jirgin Kawu Mamman

Ranar wata Laraba, a kakar shekarar da aka sauya hannun tuƙi, na shiga dandalin Mungadi ina jan motar kara wadda ba a taɓa ganin irinta ba. Tayoyin na ɓawon kabewa ne, kujerun na totuwa, duk irin na kowa. Abin da ya bambanta ta shi ne lambar ƙarfe ta gaske da na ɗaura mata a goshi, faɗin tafin hannu, tana walƙiya. Yara suka watsar da nasu suka bi ni har bakin masussuka. A ranar ba na jin ko sarkin noma ya kai ni ƙasaita, ga wando a yage, ga majina har leɓe.

Lambar ba tawa ba ce, ta Kawu Mamman ce, wan mahaifiyata, wanda ke zaune a shigifar gidanmu. An ɗauke shi soja a yaƙin Turawa, amma a cewarsa ko sau ɗaya ba a ba shi bindiga ba. Wani filin jirage aka kai su a ƙasar Masar, suna gara duro na mai, suna tura bama-bamai a kan amalanke zuwa cikin wani ƙaton jirgi. In mun dawo daga kiwon awaki muka kewaye shi yana tufkar igiya, sai ya lissafa mana mutanen jirgin da sunayen da ya laƙaba musu: Dogo mai tuƙi, Jan Gemu, Mai Lofe, da wani ɗan saurayi mai zama can wutsiya da bindiga, wanda yake kira Auta. Ya ce wata safiya jirgin ya dawo yana hayaƙi, ya kife a bakin fili, shi ya jawo Dogo daga wuta, Auta kuwa ba a fito da shi ba. Da ƙarfen ya huce ya ɓamɓaro lambar. "Wanga jirgi da hannuna nib ba shi mai," haka yake rufewa kullum.

Manya ba su cika yarda ba. A wurin gayya akan tsokane shi, "Mamman, yau Misira za mu ko Libiya?" Ba ya musu da kowa. Sai ya laluba aljihu, ya warware tsumma, ya miƙa lambar, ta zaga hannu-hannu, bakin kowa ya mutu. Ita ce shaidarsa kaf a duniya, ni kuwa na zare ta daga ƙarƙashin buzunsa yana masallaci.

Niyyata in mayar kafin la'asar, Allah shaida. Sai babana ya aike ni fadama ban ruwan irin albasa, ni kuma ban iya rabuwa da motata ba. Na ajiye ta a bakin rijiya, na juya da ƙwaryar ruwa, ƙafata ta shure ta, ta faɗa ciki. Karan ya taso yana yawo a kan ruwa, lambar ta yi ƙasa. Na yi ta zura gora har hannuna ya mutu, laka kawai nake tadawa.

Na shirya wa duka, har riga biyu na saka, amma dukan bai zo ba. Kawu ya kakkaɓe buzu, ya zazzage jakarsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kaina, sannan ya ce, "Abin da wuta ba ta ci ba, ai ba ya ɓata." Daga ranar bai ƙara ba da labarin jirgi ba. In an tsokane shi a gayya sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da huɗa. Damina uku bayan haka ya rasu, ban buɗe baki ba.

Bara, da ƙafafu suka fara hana ni dakon albasa tsakanin Aliero da Jega, zaman banza ya tono mini abin. 'Yata Hadiza, malamar makaranta, ta ce akwai masu adana tarihin irin waɗannan jirage da mutanensu, ana rubuta musu ta waya. Ta rubuta, suka amsa da mutunci, suka ce a turo lambar jirgin ko sunan matuƙinsa. Ta dube ni ta ce, "Baba, mi za ni rubuta, Dogo?" Ni da na yi wata biyar kacal a firamare kafin malam ya gaji da ni, abin da na riƙe daga lambar shi ne akwai wani harafi mai kamar lauje. Na hau babur har Giwa Tazo neman wani tsohon soja da aka ce sun dawo tare da Kawu, na tarar jikokinsa ma sun yi furfura. Na je fadamarmu, rijiyar an cike ta tuntuni, injin ban ruwa ne ke ruri a wurin.

Hadiza ta nuna mini hotuna ba iyaka a wayarta. Turawa a jere gaban jirage, kowa da sunansa a ƙasa. A wasu, can gefe, akwai baƙaƙen mutane da gajeren wando suna riƙe da tiyo, su ba a rubuta musu komai ba. Na yi ta matso da fuskokinsu da yatsa har idona ya yi ruwa, kowanne kamar Kawu, kowanne ba shi ba.

A da mutum ɗaya ne ke da labarin, muna zaune a ƙasa muna haɗiyar yawu. Yanzu ga jirage dubu a tafin hannuna, babu mai ce mini ga namu. Shi ya sa na karɓi littafin rubutu a wurin Hadiza, na zauna da wannan hannun nawa mai kamar tonon kaza. Mamman ne sunansa, mutumin Mungadi, kuma bai yi ƙarya ba. Na makara da shaidar, Kawu, amma ga ta.