Abin da Illo Ya Ɗanɗana

Illo mai zuma mutumin Wamakko ne. Amyoyinsa suna kan itatuwan ɗorawa a bakin fadama, ranar Juma'a kuma yakan shigo Sakkwato da goruna a bayan keke. A shekarun da kuɗin mai suka shigo, sukari ya yi arha, masu zuma da yawa suka koma dafa shi suna haɗawa. Illo bai yi ba, bai kuma yi arziki ba. Harshe Allah ya ba shi: in ya lashi zuma, sai ya faɗa maka furen da ƙudan suka ci.

Gidana a Gawon Nama yana cikin gidajen da yake tsayawa. 'Yata Sadiyatu ce mai karɓar zuman tun tana ƙarama. Yana ce mata amarya, tana ce masa ango ba haƙori. Shi ya koya mata jiƙon zuma: ruwa, citta, kanumfari, ɗan masoro, a rufe a tulu ya kwana, a sha kafin ya juya.

"In ya fara kumfa, amarya, ba naki ba ne kuma," in ji shi.

Sanƙarau ya ɗauke ta a bazarar 1977, tana ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai. Ranar da zazzaɓin ya fara, ashe ta haɗa mini tulu guda. Sai bayan an share makoki, baƙi sun watse, mahaifiyarta Atika ta ci karo da shi a bayan randa, bakinsa a ɗaure da tsumma yadda ta bar shi.

Ina so in sha. Shi ne abu na ƙarshe da hannunta ya yi mini. Kimiyya na karanta a Zariya, na san abin da zuma da ruwa suke zama a zafin Sakkwato, amma na yi ta ce wa kaina ƙila wannan bai kai ba. Na ajiye shi har Juma'a.

Illo ya zo, muka zauna a zaure. Ya kwance tsumman, ya sunsuna. Ya ɗebi kaɗan da ludayi ya kurɓa, ya rufe ido, ya daɗe da shi a baki. Sannan ya fita ya tofar, ya kurkure bakinsa da ruwan buta.

"Malam, ya zama giya, mai ƙarfi ma. Kada ka sha."

Na ce na ji. Can na tambaye shi, "Yaya yake, Baba Illo?"

"Zuman ɗorawa ne, na farkon bazara. Zaƙi ka fara zuwa, sannan ɗumi shi hau har hanci. Citta ta ɗan yi yawa. Kullum ina yi mata faɗa, ta ce haka babanta ka so. Kanumfari sai daga baya, ka aza abin ya ƙare, sai ga shi. Ni da na koya mata ban taɓa haɗa kamar wanga ba."

Ya goge bakinsa da hannun riga.

"Tun haihuwata giya ba ta taɓa shiga bakina ba. Da hanci ma na gane. Na riƙe shi a baki ne don in samu abin gaya maka. Allah shi gafarta mini."

Ni na ɗauki tulun na tuttular a gindin darbejiya, yana tsaye gefena. Atika ba ta fito ba.

Ya ci gaba da zuwa kowace Juma'a. Yaran maƙwabta sukan fito su kewaye kekensa, ya lasa musu zuma a tafin hannu, amma ban sake jin ya kira wata amarya ba. Ya rasu a daminar 1984, na je Wamakko aka yi masa salla da ni. Ban taɓa sanin ɗanɗanon wannan tulu ba sai yadda ya faɗa mini, kuma har yau ban manta jerin ba: zaƙi, ɗumi, citta, sannan kanumfari.